Ƙarar da Ta Rufe Ciwon Ya Falmata

Jirgin ƙasa ya sauke ni a wani birni na gabashin Faransa da la'asar, ana wani yayyafi mai sanyi wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya ratsa shi a hankali. Ina riƙe da akwati ɗaya da ƙullin dabino da Inna ta cusa mini. Wani ɗan ƙasarmu, da aka haɗa ni da shi ta waya tun ina Yamai, ya yi alkawarin zai tarye ni. Ya ce ya kama mini ɗaki, har na aika masa abin da ya nema don a riƙe mini shi. Na tsaya bakin tasha har ƙafafuna suka daina jin sanyi. Lambarsa a kashe. Washegari na nemi adireshin da ya ba ni, na tarar da shagon gyaran keke. Ban sake jin ɗuriyarsa ba, ban kuma gaya wa mutanen gida ba.

Sunana Bukar, haifaffen Gure. Lakkwal, wato makarantar boko, ita ce ta kai ni Damagaram, daga nan Yamai, inda na karanci lantarki da na'urorin asibiti. Daga baya na samu bursi, wato tallafin karatu, na shekara huɗu a wani ɗakin bincike da ke ƙarƙashin wani babban asibiti. Labo muke ce masa. A ƙasan gini yake, babu taga ko ɗaya.

Sati biyu na yi ina kwana a gidan saukar matafiya, da safe in jawo akwatina in tura shi ƙarƙashin tebur, don ban yarda da masu kwana kusa da ni ba. Wadda ta fara lura ita ce mai sharar labo, wata dattijuwa ƴar Mali, Tanti Kumba. Tsintsiyarta ce ta bugi akwatin. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ɗana, ina kake kwana?"

Na fara kame-kame. Ba ta bari na gama ba. Ta ce a benen da take zaune akwai wani ƙaramin ɗaki can sama, in na tashi aiki in jira ta bakin ƙofa. Ita ta tsaya mini wurin mai gidan, ita ta ba ni bargo da tukunya, da rigar sanyin mijinta da ya rasu, wadda hannuwanta suka fi nawa tsawo. Da rigar nan na yi shekara huɗu.

Mai kula da injinan labo wani tsoho ne, Misye Rene, mai ƙarancin magana. Ranar farko ya tsayar da ni bakin wata ƙofa mai kauri, ya miƙo mini kwano ya ce in zuba duk ƙarfen da ke jikina: mabuɗi, agogo, bel, har biro. A ciki na ga injin da suke kira IRM, fari, ƙato, da rami a tsakiya inda ake tura mutum a kwance. Maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, ba a kashe shi dare da rana. Yana ɗaukar hoton cikin kai, yana kuma nuna inda jini ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwa in wurin yana aiki.

Daga nan ya nuna mini wata hula ta roba mai wayoyi sittin da huɗu. In an sa wa mutum ita, wayoyin suna ɗauko ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, kwamfuta ta zana shi layi-layi. Mai farfaɗiya, ko da ciwon bai kayar da shi ba, akan ga wani ɗan tsini mai kaifi ya tsiro a layin jifa-jifa. Hular tana faɗin lokacin da tsinin ya fito, injin yana faɗin wurin da ya fito. In an haɗa su biyu, ana iya gane gidan ciwon a cikin kai, wani lokaci har likitan tiyata ya cire shi.

"To ga matsalar," in ji Rene.

Ya sa wani ɗalibi ya kwanta da hular. Kafin a tayar da injin, layukan suna tafiya sumul a allon kwamfuta. Yana danna maɓalli sai ɗakin ya ɗauki wata ƙara kamar ana sara ƙarfe da guduma, allon kuma ya koma baƙi ƙirin, zane kan zane. Lantarkin da injin ke cusa wa wayoyin ya ninka na ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba.

"Mutumin yana nan a ƙarƙashi," ya ce, yana nuna baƙin allon. "Aikinka ka tono shi."

Aikin da na yi ke nan. Hayaniyar injin ita ce mai sauƙi, don tana maimaita kanta iri ɗaya, sai a fitar da siffarta a cire. A ƙarƙashinta akwai ta bugun zuciya: duk bugu ɗaya kai yana ɗan girgiza, waya kuma in ta motsa cikin maganaɗisu sai ta haifi lantarki nata na kanta. Akwai ta famfon da ke sanyaya injin, wanda Rene yakan kashe na ɗan lokaci in za mu yi awo. Wadda ta gagari kowa ita ce ta motsin mutum. Haɗiyar miyau, ɗan gyaɗa kai, motsa haɓa, kowanne yana barin zane, wani zanen kuma kamarsa ɗaya da tsinin farfaɗiya. A shekara ta biyu, ni da Rene muka ɗinka wasu siraran wayoyi guda huɗu a bayan hular, waɗanda ba sa taɓa fatar kai. Ba abin da suke ji sai motsi. In zane ya fito a wayoyin kai ya kuma fito a waɗannan huɗun, to ba daga ƙwaƙwalwa yake ba. Shugabar labo, Madam Odil, likitar ƙwaƙwalwa ce mai tsauri. Ta ce in ci gaba da gwadawa, amma ba ta fara dogara da su ba tukuna. Ni kaɗai nake duba su.

Ban zaɓi wannan karatun haka kawai ba. Yayata, Ya Falmata, ta girme ni da shekara tara. Tana budurwa sanƙarau ya kama ta, ta tashi, amma ya bar mata farfaɗiya. Hannunta na hagu duk tabon wuta ne, daga ranar da ciwon ya kayar da ita kan murhu. Ta yi aure a Gidigir, auren bai yi shekara biyu ba ya mutu. Ta dawo gida tana saƙar tabarma da kaba, Inna tana kai mata kasuwa, don wasu in sun san ita ta saƙa ba sa saye. A gidan suna mata sukan miƙa wa juna jariri, in an zo kanta sai a tsallake. Ba ta taɓa yin magana ba. Ita ta yi mini wanka ina ƙarami, ita take raka ni har ƙofar lakkwal in manyan yara sun tare hanya.

Duk Juma'a nakan kira gida. Inna ta gama addu'o'inta ta miƙa mata wayar. Tambayarta ɗaya ce kullum, da Barbarcinmu na gida: na ci abinci mai zafi? Ban taɓa tambayarta sau nawa ta faɗi a satin ba, sai dai in tambayi Inna a gefe.

Na yi wata shida ina jan ƙafa kafin in yi wa Madam Odil maganarta. Ta saurare ni ba tare da ta ɗago kai daga takardunta ba, ta ce in kawo duk abin da likitocin Damagaram da Yamai suka taɓa rubutawa. Ashe ta ɗauki maganar. Wata ƙungiyar likitoci masu taimako ta ɗauki nauyin tafiyar, aka ba Ya Falmata bizar jinya ta wata uku. Madam ta gaya mini gaskiya tun farko: hoton kanta bai nuna tabo a fili ba, awon da aka yi mata a gado ma bai tsayar da wuri ɗaya ba. Kwamitin likitocin tiyata ba zai karɓi mara lafiya daga waje ba sai an nuna musu inda za su dosa. Awon hula cikin injin shi ne ƙofar da ta rage mana.

Ta iso ƙarshen sanyi, tare da wata mata ƴar Damagaram da ke zuwa wurin ɗanta. Na gan ta ta fito da zane da gyale da silifa, ta rungume jakar leda a ƙirji. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta dama da hagu.

"Auta, ƙarya kake yi mini ashe. Ba ka cin abinci."

Tanti Kumba ce ta sauke ta a ɗakinta. Ba su da yare ɗaya, amma cikin kwana uku na tarar da su suna tsinke ganye suna dariya, kowacce tana magana da nata. Wata rana jikar Tanti ta zo da jaririyarta ƴar wata biyu. Tanti ta ɗauke ta ta ɗora wa Ya Falmata a cinya, ta wuce kicin. Ya Falmata ta daskare. Ta dube ni.

"Ka gaya musu kuwa?"

"Sun sani, Ya."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe tana kallon yarinyar. Har aka yi sallar la'asar ba ta yarda an karɓe ta ba.

Ranar awo ni na tsefe mata kitso, ni na cire mata ƴan kunne da zoben azurfar da ke hannunta. Na sa mata hular, ina bin kowace waya ina ɗura mata man da ke haɗa ta da fata. Ta ce sanyi. Na yi mata bayani sau uku: za a yi ƙara mai yawa, ba abin da zai taɓa ta, abu ɗaya ake so, kada ta motsa. Rene ya toshe mata kunne, ya tokare kanta da matasai, ya damƙa mata ƴar roba a hannu ya ce in ta ji ba za ta iya ba ta matsa. Da gadon ya fara shiga ramin, ta riƙe mini yatsa.

"Kamar kabari," ta ce.

"Ina bayan gilashin nan, Ya. Ina ganin ƙafafunki."

Minti arba'in injin yana sara. Ba ta matsa robar ba. Da muka fito da ita gyalen da muka shimfiɗa mata ya jiƙe da gumi. Ta tambaye ni ko ta yi daidai, na ce ta yi.

Kwana biyu na yi ina wanke rubutun da hular ta ɗauko. Na cire hayaniyar injin, na cire ta zuciya. Layukan suka fito, sai ga tsini, ga wani, ga wani, duk sun fi ƙarfi ta gefen hagu. Na ƙirga talatin da ɗaya. Na kai wa Madam Odil, ta duba, ta ce da yawansu sun yi kama. Muka haɗa lokutan da hoton injin, sai wani wuri ya haska a gefen hagu, saman kunne. Madam ta cire tabarau, ta ce za ta gabatar wa kwamiti ranar Litinin ta sama. Ta dafa kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ran nan da gudu na hau benen Tanti Kumba. Muka kira Inna, ta yi ta kuka tana godiya ga Allah.

Sai da safe na tuna ban buɗe wayoyina huɗu ba. Murna ce ta mantar da ni, ko kuwa ban so in tuna ba, har yau ban tantance ba. Na buɗe su don in cika aiki kawai. Na jera su ƙarƙashin tsini na farko, na ga zane a daidai wurin. Na biyu ma haka. Na bi talatin da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ba shi da ɗan'uwa a wayoyin da ba su taɓa kanta ba. Tazararsu ma kusan ɗaya ce, kamar mai yin abu yana maimaitawa.

Da yamma na same ta tana ninke kayan wanki.

"Ya, da kina cikin injin, me kike yi?"

"Ba ka ce kada in yi komai ba?"

"Ko a baki?"

Ta ajiye zanen da take ninkewa. "Salati nake yi. A zuci na fara. Da ƙarar ta yi yawa ban san sa'ad da bakina ya kama ba. Amma a hankali nake yi, ko ni ba na jin kaina. Laifi ne?"

Na ce ba laifi ba ne. Na gane sauran da kaina. Duk ƙarshen salati takan haɗiyi miyau ta ɗan gyaɗa kai, yadda take yi in tana jan carbi tun ina yaro. Matashin gefen hagu ya fi sassauci, shi ya sa zanen ya fi ƙarfi ta can. Wurin da ya haska a hoton kuwa wurin magana ne. Magana take yi, shi ya sa ya haska.

Kwana huɗu na riƙe abin nan a cikina. Ba wanda ke duba wayoyin nan sai ni. In na yi shiru, kwamiti zai karɓe ta, a tsawaita mata biza, a shiga wasu gwaje-gwajen masu zurfi, wataƙila a can a gano gidan ciwon na gaskiya. Haka nake gaya wa kaina in ina tafiya labo. In ina dawowa kuma sai in tuna cewa duk abin da za su yi nan gaba, inda na nuna musu za su dosa. Za su huda ƙashin kanta su sa wayoyi a lafiyayyen wuri, wurin da take magana da shi, saboda takardar da na sa wa hannu.

Ranar Alhamis Rene ya tsaya bayana da kofin kafe.

"Me wayoyinmu suka ce?"

"Ban duba ba tukuna."

Ya ajiye mini kofin ya fita. Shekara biyu muna aiki tare, ya san su nake fara buɗewa kafin komai.

Ranar Juma'a da safe na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Odil, na jera mata layukan biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni yaushe na gani, na gaya mata gaskiya. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce kuskuren nata ne tun farko, da ta bar ni na wanke rubutun ƴar'uwata. Ba a yin haka. Ta cire sunan Ya Falmata daga takardar Litinin a gabana. Ta ce akwai gurbi ɗaya a injin bayan sati uku, za a sake, kuma wani ne zai duba, ba ni ba.

Na gaya wa Ya Falmata a ɗakin Tanti Kumba, da rana, mu biyu. Ban ɓoye mata komai ba.

"Ashe ni na ɓata," ta ce.

"Ba ke ba ce. Ni ne ban gaya miki har baki ba a motsawa ba."

"Kai ka gani?"

"Ni na gani."

"Da ba ka faɗa ba, wa zai sani?"

"Babu kowa."

Ta shafa tabon hannunta, ta dubi taga. Na jira ta yi faɗa ko ta yi kuka. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Sati ukun nan ta yi su tana koyon kwanciya. Tanti Kumba ta ce kullum bayan azahar takan miƙe a ƙasa ta rufe ido, ta sa a duba mata agogo, ba ta ko ƙifta har sai an taɓa ta. Ranar awo na biyu ba ta riƙe mini yatsa ba. Ta kwanta aka tura ta. Kusan awa guda ta yi a ciki, don Madam ta ce a ƙara lokaci. Wayoyina huɗu suka miƙe kamar an ja su da zare. Rene ya ce tun da yake aiki bai ga mutumin da ya kwanta haka ba. Aka wanke rubutun, ya fito tas, irin wanda ake nuna wa ɗalibai. Tsini ko ɗaya bai zo ba. Ciwon ya yi lamo duk tsawon lokacin, kamar yadda yakan yi wa mutane da yawa. Bayan kwana biyu ya kayar da ita a cikin jirgin ƙasan da ke bin titin gari, muna dawowa daga kasuwa, mutane suka dare, wata tsohuwa farar fata ta cire rigar sanyinta ta tura mata ƙarƙashin kai.

Madam Odil ta nemi gurbi na uku ba ta samu ba kafin bizar ta ƙare. Ta rubuta wasiƙar neman ƙari, aka ƙi. Abin da ta iya shi ne ta canza mata magani, ta haɗa ta da wanda zai ishe ta wata shida. Ranar tafiya Tanti Kumba ta yi mata kitso, suka rungume juna suna kuka, kowacce tana yi wa ɗaya addu'a da yarenta. A filin jirgi Ya Falmata ta gyara mini wuyan riga, ta ce in gama abin da ya kawo ni, kada in dawo da rabin karatu. Maganar injin ba ta sake fitowa daga bakinta ba, har a waya.

Sabon maganin ya rage mata faɗuwa. Amma ba a samunsa a Gure, ko a Damagaram sai an dace. Nakan aika ta hannun matafiya, wani lokaci ya isa kan kari, wani lokaci ya makale a Yamai. Shekara ɗaya da wata huɗu bayan komawarta, wata Talata da hantsi, ina sa wa wani mara lafiya hula, wayata ta yi ta ruri a cikin kwanon bakin ƙofa. Da na fito na ga lambar kawuna. Ya ce ta kwanta bayan sallar asuba ta ce kanta na ciwo, Inna ta leƙa ta tarar da ita rub da ciki, rai ya yi halinsa. Har sun dawo daga maƙabarta.

Takardar izinin zamana a ƙasar tana hannun hukuma ana sabuntawa. In na fita ba zan iya dawowa ba. Rene ne ya rufe labo ya kai ni masallaci a motarsa, ya zauna a waje cikin ruwan sama har na fito. Tanti Kumba ta dafa shinkafa ta tara ƴan uwanta aka yi addu'a a ɗakin da Ya Falmata ta zauna. Na ƙarasa karatun, don ta ce in ƙarasa. Wayoyin nan huɗu yanzu ana ɗinka su a kowace hula ta labo.

Sai bayan wata bakwai na taka Gure. Na sauka a tasha da azahar, na tako da ƙafa har gida. Inna tana zaune a rumfa, ta ƙanƙance. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta yi mini. Maƙwabta suka shigo suka fita. Wata ta ce Falmata ta ba su labarin ƙanƙara da jirgin da ke tafiya a tsakiyar titi, ta ce ƙanenta yana da mabuɗin wata ƙofa da likitoci ke tsayawa su jira ya buɗe. Da tsakar gidan ya yi shiru, Inna ta dama fura ta ajiye tsakaninmu. Ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Bukar, kai ne ka ce kada a yi wa yayarka aikin?"

Na so in yi mata bayanin wayoyi da maganaɗisu da kwamiti. Na ga duk ba su ne amsar ba.

"Ni ne, Inna. Abin da muka gani ba ciwon ba ne. Na faɗa."

Ta gyaɗa kai. "Ta gaya mini tun daren da ta dawo. Ta ce kada in taɓa tambayarka. Na riƙe har yau, na kasa."

Na tambaye ta abin da na yi shekara biyu ina son sani. "Ta ce na yi daidai?"

Inna ta yi tunani sosai, don ba mace ba ce mai faɗin abin da ba a faɗa ba.

"Ba ta ce ba. Ba ta kuma ce ka yi kuskure ba. Cewa ta yi ka rame."

Ta turo mini ƙwaryar da ludayin.

"Sha. Ka sha hanya."